Shaidar Almakashi

Motar ofis ce ta ja mini. Mun bar Barunde da azahar, ta mutu sau biyu a hanya, sai dab da magariba muka isa tafkin da ke cikin gandun daji. A bayanta akwai leda takwas cike da 'ya'yan tarwada. Wata uku ina renonsu, kowanne na ɗan yanke masa gefen ƙege da almakashi don in gane nawa ne.

Baba Wakil mai gadi ya tare ni. Ya ce ba a zuba wa ruwan nan baƙi in rana ta faɗi, mai gidan ba ya so, in bari sai safe. Na ce kafin safe iskar leda ta ƙare, sun mutu. Direba ya shige mota ya kulle ƙofa, jarumin kenan.

Na shiga ruwa har gwiwa. Ba a juye su kai tsaye, sai leda ta yi iyo ta ɗauki sanyin tafkin. Dole in tsaya.

Ina kwance ta bakwai kwaɗi suka yi tsit. Ƙamshin turaren wuta ya taso daga ruwan.

Wani abu ya riƙe mini idon sawu. Yatsu ne, masu sanyi.

"Jacinta," aka raɗa a kunnena na hagu. "'Ya'yan wa?"

Mai gidan ne. Tsoro ya kama ni, ba ƙarya. Amma haushi ya fi shi.

"Bara da masunta suka kwashe maka kifi da gidan sauro, kana ina?" na ce. "Nawa ne. Kuma a nan za su zauna."

Riƙon ya tsananta. Ruwa ya kai ƙuguna.

Da haƙori na yage leda ta takwas.

Sai na ji ƙaras, kusa da kunne.

Aka sake ni. Baba Wakil ya miƙo gora ya jawo ni, yana salati. Da ya haska fuskata da tocila, sai ya kau da kai.

An yanke gefen kunnena na hagu, ɗan kaɗan, tsaf, babu ko ɗigon jini.

Kifin sun rayu, sun yi ƙiba. Baba Wakil ya ce yanzu tafkin ya san nasa, kada in sake zuwa. Bana ma na kai leda goma, kuma na ɗaura ɗankwalina sama da kunnen, don ya gan ni da kyau.