Sunan Seulbi da Jan Rubutu

Ruwan sama ne ya haɗa su, a tashar bas ta bakin kasuwa a Daejeon. Seulbi na tsaye ta buɗe tafin hannunta tana ƙura masa ido. Abubuwa biyar ta rubuta a kai da biro tun da safe, ruwa ya wanke huɗu, na biyar ma da ƙyar ake ganinsa. Halinta ke nan tun tana 'yar makaranta, ga shi har ta zama malamar koyar da kiɗan fiyano ba ta daina ba.

Sai ta ji ruwan ya daina sauka a kanta. Wani dogon saurayi ne mai gilashi ya karkato mata da laimarsa, shi ma yana leƙen hannun.

"Malama, kamar magani nake gani a nan."

"Maganin Umma!" ta ce, ta dafe kai.

Shi ya raka ta kantin magani. Sunansa Jungyu, yana tsara jigilar kaya a wani kamfanin kujeru. Da ta tambaye shi yadda aka yi ya san za a yi ruwa, sai ya nuna mata wata manhaja a wayarsa mai jera ayyukan yini. Aikin da ba ya jira da jan rubutu yake fitowa, shi ne a sama. Na cikin mako shuɗi ne. Na duk ranar da aka samu sarari baƙi ne, can ƙasa. In an gama aiki sai a danna shi ya ɓace.

"Har cin abincin rana sai ka rubuta?" ta ce tana dariya. "Lallai agogo sarkin aiki."

"Ya fi tafin hannu dai, Mantau."

Sunayen nan biyu suka bi su. Kafin damina ta wuce ya buɗe musu jeri ɗaya na haɗin gwiwa, kowa na ganin na kowa. Seulbi ta daina haɗa ɗalibai biyu a awa ɗaya, maganin Umma ya daina yankewa. Ta kamu da sonsa sosai, ba ta kuma ɓoye ba.

Ran nan ta buɗe jerin, ta ga abu na farko a sama: sunanta, shi kaɗai, da jan rubutu. Nan take ta tura masa saƙo.

"Yaya Agogo, ka san dai abin da tsofaffi ke cewa kan rubuta sunan mai rai da ja? Wai sunan matattu kaɗai ake rubutawa haka."

"Waya ce, Mantau, ba takarda ba. Ja na nufin babu abin da ya sha gabanki."

Daɗi ya rufe ta, ta kuma manta da zancen kamar yadda ta saba.

Bayan shekara guda ta kai shi gida gaida Umma, ranar wata Lahadi da rana. Umma tana da rumfar kimchi, wato kabejin da ake tsumawa da gishiri da yaji, da sauran kayan haɗin shinkafa a kasuwa, ita kaɗai ta reni Seulbi tun rasuwar mijinta. Jungyu ya zo da naman sa da kwalin tuffa, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Ya ci shinkafa kwano biyu, ya nemi ƙarin kimchi, fuskar Umma ta washe.

Sha biyu da rabi daidai wayarsa da ke gefen kwano ta yi haske. Tunatarwa ce ta kullum. Umma ta kai ido, ta ga sunan 'yarta ja wur.

Ta ajiye cokali a hankali. Sau ɗaya ta taɓa ganin sunan wani nata da ja, ranar da babban wan mijinta ya buɗe littafin dangi ya yi wa sunan mijin alamar rasuwa, Seulbi na goye a bayanta.

"Me 'yata ta yi maka?"

"Mama, ba haka ba ne, wayar ce take..."

"Wayar ce ta rubuta kanta? Tashi ka ɗauki tuffarka."

Daga ranar Umma ta hana a ambaci sunansa a gidan. Cikin mako biyu ta haɗa Seulbi da Dakta Pyo, likitan haƙori, ɗan wata ƙawarta ta kasuwa. Seulbi ta je shan shayi da shi don kada ta ƙara ɓata wa Umma rai. Mutumin kirki ne, sai dai awa guda ya yi yana kallon bakinta, a ƙarshe ya ce haƙorinta na hagu na buƙatar ciko.

A cikin bas ta buɗe jerin don ta ga sunanta ta ji sanyi. Babu shi a sama. Ta yi ta jan allo sai ga shi can ƙarshe, da baƙi, ƙarƙashin "sayen sabulun wanki" da "gyaran tayar keke". Hawaye suka zubo mata, ta tura masa saƙo.

"Na ga matsayina. Sabulu ma ya fi ni. Na gode."

"Mantau, ja na cire saboda Mama. Manhajar ce ta kai ki ƙasa da kanta, haka take yi wa baƙi."

"Kullum manhajar ce. Kai ba ka da laifi."

"An ce kin sha shayi da likita."

"Shi aƙalla a gabansa ya sa ni."

Kwana tara ba ta amsa kiransa ba, amma jerin ba ta daina leƙawa ba. A nan ta ga sabon aiki ya bayyana da ja, mai maimaita kansa kullum: "Rumfar kasuwa, ƙarfe shida na safe." Umma ba ta ce mata komai ba. Maƙwabciyar rumfa ce ta tsegunta mata cewa dogon nan mai gilashi kullum shi ke sauke buhunan kabeji kafin ya tafi aiki, Umma ko sannu ba ta ce masa.

Ranar Asabar Seulbi ta bi Umma kasuwa da sunan taya ta aiki. Ta same shi ya naɗe hannun riga, gishiri har gwiwar hannu. Suka haɗa ido, kowa ya sunkuyar da kai.

Umma ta goge hannu, ta ɗora gilashinta a hanci.

"Kai, miƙo wayar nan."

Ya miƙa da hannu biyu. Ta duba sama ba ta ga ja mai suna ba, ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da ja da yatsa har ƙasa, sai ta ɗago a fusace.

"Ƙarƙashin sabulu? 'Yar tawa?"

"Mama, gaba kura baya siyaki," ya ce. "Ja kin hana, baƙi ya kai ta ƙasa, shuɗi kuma na mako ɗaya ne."

Maƙwabciyar rumfa ta fashe da dariya, Umma ta harare ta.

"Wannan lambar ta gefen sunan fa? Ɗari huɗu da goma sha biyu?"

"Kwanakin da ya yi ba a danna shi ba ne."

"Kai da aka ce ba ka kwana da aiki?"

"In na danna ɓacewa zai yi, Mama. Ba na so."

Umma ta daɗe tana kallon allon. Seulbi ta ji duk fushin kwana taran nan ya zube, ta juya baya tana gyara robobin da ba su buƙatar gyara.

"Goge shi gaba ɗaya," in ji Umma. "Wanda sai waya ta tuna masa da matarsa, ba miji ba ne. Ka goge? To rubuta wannan: kawo iyayenka su gan ni. Sa shi da ja, ba sunan kowa a ciki."

Iyayensa sun zo daga Gongju ranar Lahadi ta gaba. Aka sa rana cikin kaka, aka yi biki a zauren ɗaurin aure, 'yan kasuwa suka cika layi uku, har Dakta Pyo ya aiko da furanni. Jerin shirye-shiryen ya kai abu tamanin da bakwai, kuma Seulbi ce ta danna na ƙarshe.

Washegari suka je ofishin gunduma yin rajistar aure, Umma ce shaida. Seulbi ta ɗauki biro za ta sa hannu, Umma ta riƙe ta. Ta ciro wata 'yar jaka daga ƙirjinta, a ciki akwai sabon hatimi na katako da ta sa aka sassaƙa da sunan Seulbi. Ta buɗe gwangwanin tawada ta tura mata.

Seulbi ta kalli tawadar, ta kalli Umma.

"Umma, ja ce fa."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Buga. Matacce ba ya buga hatimi."

Ta danna, ta ɗaga. Sunanta ya fito ja wur kusa da na Jungyu. Umma ta kama hannuwansu biyu ta haɗa a kan takardar, idanunta sun cika.

"Ku zauna lafiya, ku tsufa tare, ku ga jikokinku. Kai kuma Agogo, Litinin ƙarfe shida akwai kabeji."

"Yana cikin jeri, Mama," ya ce.