Cokali Ɗaya

"Shekara huɗu, Celina! Shekara huɗu ina jira!"

Muryar Elnathan ce daga baranda. Ni ina falo, na miƙe ƙafa, na rufe ido kamar mai barci. Kunnena dai bai mutu ba.

"Rage murya, Baba zai ji..."

"Ya ji mana! Kamfani ya ba ni zuwa ƙarshen Satumba, ko in karɓi aikin Ohio ko a ba wani. Zuciyata, ki ce e kawai, mu ɗaura aure mu tafi."

"In bar shi da wa? Wa zai auna masa suga? Mama a hannuna ta bar shi, Elnathan. Ba zan iya ba..."

Celina 'yata ce, ita kaɗai Allah Ya bar mini. Nas ce, shekararta talatin da uku. Tun rasuwar uwarta muke zaune mu biyu a McLeansville, wani ƙaramin gari kusa da Greensboro a Amurka, kuma na riga na faɗa wa kowa ba zan bar garin da aka binne matata ba. Elnathan ɗan cocinmu ne, direban tirela. Yaro ne mai ladabi, sai dai naci.

Ni kuwa Dachung, ban taɓa zama a aji ba, amma na taka ƙasa goma sha tara. Duk Greensboro an san labarina: a 1979 ina aikin ɗakin inji a wani jirgin ruwan Girkawa da na shiga daga Apapa, jirgin ya nutse kusa da wani tsibiri na ƙasar Girka, na yi iyo mil uku da kyaftin goye a bayana. Babu bikin suna ko na godiyar kaka da ban ba da labarin nan ba.

Bayan sati biyu Elnathan ya zo, ya durƙusa, ya ajiye ambulan a gabana.

"Baba, tikiti uku ne. Kafin in tafi Ohio ina so in ga ruwan da kuka yi iyo a ciki."

Na ƙura masa ido in ga ko raini ne. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Gwiwata ba ta son jirgin sama," na ce.

"Haba Baba!" Celina ta riƙe hannuna. "Tun ina ƙarama kake mini alkawarin tsibirin nan!"

Rabon da in ga ta yi dariya haka tun kafin jana'izar uwarta. Na ce a ɗauko fasfo.

Tsibirin yana nan yadda na bar shi. Gidaje farare kamar an wanke su da nono, ƙofofi shuɗɗa, awaki a kan dutse. A bakin teku an shanya wani kifi mai ƙafa takwas a igiya kamar wanki. Celina ta shiga ruwa har ƙugu tana ihu, Elnathan yana gefe riƙe da takalmanta. Na lura ba sa kallon juna sosai. Kowa ya san ban kwana aka zo yi.

Kwana biyu ina kai su duk inda ba a san ni ba. A rana ta uku Elnathan ya ɗauko motar haya ya ce, "Baba, saura ƙauyen kan tudu."

Muka hau. A dandalin ƙauyen tsofaffi suna zaune ƙarƙashin bishiya, suna shan kofi suna jan carbi. Ɗaya ya dube ni, ya sake dubawa, sai ya miƙe yana ihu yana nuna ni da sanda. Elnathan ya ɗaga wayarsa mai fassara magana. Wayar ta ce, da muryar nan tata marar kunya:

"Mai kwalba ya dawo!"

"Baba, wace kwalba?" in ji Celina.

"Laƙabi ne na jarumai," na ce.

Suka ja mu har ƙofar wani ƙaramin gida. Wata tsohuwa ta fito cikin baƙaƙen kaya, kyanwoyi huɗu na bin ƙafarta. Na gane ta tun kafin ta ɗago kai. Maroula ce, 'yar gidan da aka sauke ni a 1979. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kira sunana daidai, abin da Turawan Amurka suka kasa cikin shekara talatin.

Ta zaunar da mu, ta shiga ciki, ta fito da faranti: kwalbar ɓawon lemo dafaffe da sukari, cokula uku, kofunan ruwan sanyi uku. Al'adarsu ke nan. Baƙo ya ɗebi cokali ɗaya, ya sha ruwa, ya jefa cokalin cikin kofin. Ɗaya tak. Ni a 1979 ba wanda ya gaya mini. Na ɗauka abincin rana ne, na cinye kwalbar tas, na lashe murfin, alhali na shekara guda ne ta dafa.

Maroula ta ba da labarin tana dariya, waya tana fassarawa. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ubanta masunci ne ya same ni manne da gangar mai, ya tsamo ni da ƙugiya ta bel ɗin wando, ina kuka ina kiran uwata. Kyaftin kuwa tun da safe ya iso a kwalekwalen ceto, ko rigarsa ba ta jiƙe ba.

Celina ta toshe baki. Elnathan ya tsura wa kyanwa ido.

"Riƙe ganga awa tara ma ai aiki ne," na ce. "Ku gwada ku gani."

Maroula ta nuna su biyun. "'Yarka ce? Wannan mijinta ne?"

"A'a," in ji Celina a hankali. "Ina kula da Baba."

Tsohuwar ta daina dariya.

Abin da ban taɓa sakawa cikin labarina ba shi ne wata biyu na yi a gidan nan ina jinya. Ita ta yi ta ba ni romo a baki. Ranar da zan tafi na ce ta biyo ni, ta ce idon ubanta ya fara mutuwa, in ba ta lokaci kaɗan.

Yanzu ta juya wurin Celina tana magana, waya tana bi:

"Shekara talatin da ɗaya ubana ya ƙara yi a duniya. Ban yi nadamar kula da shi ba, uba ne nagari. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai... bai taɓa cewa in tafi ba. Ko sau ɗaya. Da ya faɗa, wataƙila in zauna duk da haka. Amma bai faɗa ba."

Na duba ɗakin: gado ɗaya, kujerar cin abinci ɗaya, hoton tsoho a bango da fitilar mai a ƙarƙashinsa. Na duba Celina, na ga furfura guda biyu a gefen kunnenta da ban taɓa lura da su ba.

Na ɗebi cokali ɗaya, na sha ruwa, na jefa cokalin cikin kofi. Maroula ta gyaɗa kai.

Washegarin dawowarmu Greensboro, da safe, Celina ta zo da na'urar auna suga. Na karɓe ta daga hannunta, na huda yatsana da kaina. Sau uku na kuskure kafin jini ya fito.

"Baba, kawo in..."

"Zauna. Celina, ki tafi."

"Ina?"

"Ohio mana! Kin cika mini gida, kin hana ni gishiri, kin hana ni tuƙi. Ki kira yaron nan ya turo manyansa."

"Baba, Mama ta ce..."

"Uwarki cewa ta yi ki kula da ni, ba ta ce ki tsufa a kaina ba. Na ce ki tafi. Ki tafi, 'yata."

Ta faɗi a gwiwata tana kuka, a kan mai ciwon ma. Na bar ta.

An ɗaura aure a watan Agusta. A wurin liyafa aka ba ni makirfo, na ba da labarin kyaftin kamar kullum. Da na ce mil uku, Elnathan ya ɗaga murya daga kan tebur: "Huɗu ne, Baba! Na ga wurin da idona!" A nan na san ban yi asarar 'ya ba.

Ranar da za su tafi, Celina ta ajiye kwalbar ɓawon lemo da Maroula ta ba mu tsaraba a saman firji, ta ɗaga mini yatsa.

"Cokali ɗaya, Baba. Ranar Lahadi kawai!"

"Ni za ki koya wa?"

Na tsaya a baranda har motarsu ta sha kwana. Wata maƙwabciya ta baza cewa ta ga ina kuka. Ƙarya take. Mutumin da ya sha ruwan gishiri awa tara, in kaɗan ya fito masa ta ido bayan shekara arba'in, tsohon ruwa ne.