Mai Zane da Masu Wanki

Ran Laraba da ƙarfe goma na safe, a wani zamani, wata mai zane da fentin ruwa ta gama zana bakin kogi. Wata uku ba ta yi ciniki ba.

Wani attajiri ya duba ya ce, "Baiwar Allah, zan saya, amma ki cire masu wankin nan."

Ta ce, "Alhaji, ai suna wurin."

Ya ninka kuɗin. Ta ce, "Ai suna wurin."

Wata tsohuwa mai wanki ta leƙo, hannu duk kumfa. "Kai! Ni ce wannan? Har da doron nawa!"

Attajirin ya tafi. Waɗanda suka rage a takardar su ne tsohuwar, da ƙanwarta, da mai kwalekwale. A bakin kogi kuwa har da mai zanen, tana wanke burushinta.