Mutumin Da Aka Manta Ba A Sallama Ba

Ku matso kusa. Walida, rage fitilar nan. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Ranar da na fara ganinsa, na dawo daga aron littafi ne, la'asar sakaliya, na biyo ta tsohuwar gada. Yana tsaye a gindin tsamiya da farar riga, ya ba hanya baya. Na san bayan nan. Na sha ganinsa a kaset.

Kun san Inna ta taɓa yin fim kafin ta haife ni. Guda ɗaya tal, da kyamarar aro, ko kasuwa bai shiga ba. Labarin wata Saratu ce mai son ɗan fashi. Ranar da za a ɗauki rabuwarsu jarumin bai zo ba, sai darakta ya tare wani mai wucewa, ya ce ya tsaya kawai ya juya baya. A cikin wasan, Inna ta ce masa ya jira ta a gindin tsamiyar nan, za ta dawo. Magariba ta kawo jiki, aka kwashe kaya a gurguje. Babu wanda ya tuna ya sallame shi.

Ya juyo a hankali.

"Saratu. Kin daɗe."

Bakinsa ya gama motsi kafin muryar ta iso. Na dubi ƙasa. Dugadugansa suna gaba, yatsun suna baya.

Da na ce ba ni ba ce, da shi ke nan. Amma tunda nake, babu wanda ya taɓa kallona haka. Kuma na haddace fim ɗin kaf. Sai na amsa masa da kalaman Inna.

Washegari Inna ta tashi da dishewar murya. Na sa kaset, na ga duk inda na ari kalamanta, bakinta yana motsi babu sauti. Na gane. Wallahi na gane, amma la'asar tana yi na yafa mayafi na koma. Kwana shida ina komawa. Inna tana shan zuma da citta, tana kirana da hannu, ni nake dafa mata, ina kawar da kai.

Rana ta bakwai, magana ɗaya ta rage a kaset ɗin, ta ƙarshe, waccan da ta ce masa ya jira ta. Na san idan na faɗe ta, Inna ba za ta ƙara magana ba.

Na je. Na gaya masa ni 'yarta ce, babu wata Saratu, wasa ne aka yi don a sayar. Ya daɗe bai motsa ba. Ganyen tsamiyar ma ya tsaya cik. Ya ce su a wajensu, wanda aka ce ya jira ba ya tafiya sai an sallame shi. Shekara ashirin da biyu ke nan.

"Na kwanakin nan fa?" in ji shi. "Shi ma wasa ne?"

Har yau ban amsa ba.

"To sallame ni."

Na ce na sallame shi, ya yafe mana. Ya gangara rafi. Yashin ɗanye ne, amma babu sawu.

Muryar Inna ta dawo, sai dai rabi. Raɗan nan da kuke ji tana yi, ba mura ba ce. Don haka kada wadda ta bi ta gadar nan ita kaɗai. In an kira ki da sunan da ba naki ba, kada ki waiga.

Walida, me kike kallo a bayana?

Inna. Tun yaushe kike tsaye?

Inna, ni na cinye miki murya. Na yi miki alkawari, duk inda magana ta gagare ki, a kasuwa ko a gaban mutane, ina gefenki, ni zan faɗa a madadinki, muddin ina numfashi.