Tafiretar Ɗakin Takardun Mutuwa

Ran wata Alhamis da yamma na tura kekena zuwa ofishin gunduma da ke gefen garin Semarang. An aiko cewa tafiretarsu mai lantarki ba ta komawa baya. Aikin minti goma ne a wurina. Shekara goma sha tara ina wannan sana'a, kuma a lokacin ina da girman kai, ba zan ɓoye ba.

Na isa ma'aikata sun watse. Iya Karsih kaɗai na tarar, tsohuwar da ke buga takardun shaidar mutuwa, tana ɗaure jakarta. Ta kai ni ɗaki na ƙarshe, amma ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce sabon shugabansu ne ya matsa a gyara, don in ta yi kuskure sai dai ta yar da takardar ta ɗauki wata, shi kuwa ya gaji da ɓarna. Da ta ita ce, a bar abin yadda yake.

"Wagimin, ɗana," ta ce ƙasa-ƙasa, "shekara goma sha ɗaya sunan matattu kaɗai take ci. Kada ka ba ta sunan mai rai."

Na yi dariya na ce Iya ta je gida kada shinkafarta ta huce. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

Na ɗaga murfin. Irin mai ƙwallon haruffa ce, da farin tef mai ɗanko na goge kuskure. Ka danna maɓalli, ta ja baya taku ɗaya, ta ɗauke harafin daga takarda kamar ba a taɓa buga shi ba. Abin da ke jan ta bayan wata 'yar ƙugiya ce da ke kama haƙoran ƙarfe ɗaya bayan ɗaya.

Ƙugiyar lafiyarta ƙalau. Ɗaure ta aka yi da waya, zagaye bakwai, da gangan.

Na ja tsaki. Na ce a raina wane ɗan koyo ne ya yi wannan aika-aika. Na warware wayar na ajiye gefe. Na sassauta ɗan notin, na matsa ƙugiyar har tazararta da haƙoran ta yi kaurin farce, na ɗaure, na ɗiga mai. Daga masallacin unguwa aka fara buga gangar da ke sanar da shigar magariba.

Kowane mai gyara yana da layin da yake gwada aikinsa. Wani sunan garinsu yake bugawa, wani sunan budurwarsa. Ni sunayen yarana ne, daga babba zuwa ƙarami. Ba na ma tunani, yatsuna ne suka haddace. Na zura takarda, na kunna, injin ya ɗauki gurnani. Kafin maganar Iya Karsih ta faɗo mini, na gama layin.

Na janye hannuwana a hankali.

Ɗakin ya yi sanyi. Fankar sama ta tsaya. Warin mai da tawada ya gushe, wani ya maye gurbinsa: jiƙaƙƙiyar ƙasa, da farin furen nan da ake dasawa a maƙabarta.

Maɓallin ya nutse da kansa.

Tak. Ƙwallon ya ja baya, ya daki takarda. Harafin ƙarshe ya ɓace.

Na fisge wayar wuta daga bango. Gurnanin bai tsaya ba.

Tak.

Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama. Ban waiga ba. Wani dogon hannu ya wuce ta saman kafaɗata, siriri, launin toka, gaɓoɓin yatsunsa sun fi na mutum yawa. Yatsa ɗaya na kan maɓallin.

Tak.

Na kai hannu zan zare takardar, abin nadinta ya riƙe ta gam.

Tak.

Numfashi ya taɓa kunnena, mai sanyi kamar ruwan rijiya.

"Ka gyara da kyau," aka raɗa mini. "Taku ɗaya-ɗaya."

Tak.

Biyar ke nan. Ƙwallon ya tsallake fili, ya tsaya daidai kan harafin ƙarshe na sunan Lastri, 'yata.

Ban san inda sukudireba ta faɗi ba. Na cusa ɗan yatsana ƙarƙashin ƙugiyar.

Maɓallin ya nutse. Ƙarfen ya shige cikin farcena har tsoka. Injin ya yi kuka, ƙwallon na karkarwa a wuri ɗaya. Aka sake dannawa. Na ji ƙashi ya amsa.

Da ɗaya hannun na laluba tebur, na samo wayar da na raina. Na naɗa ta a ƙugiyar. Ɗaya, biyu, jini na sa ta zamewa. A zagaye na bakwai gurnanin ya mutu.

Fanka ta ci gaba da juyawa.

Na zare takardar, na fincike farin tef ɗin, ni ma ban san dalili ba. Keken ma a can na baro shi. Sai da na kai shagon mai suyar ayaba, ƙarƙashin fitila, na duba takardar. Wahyudi. Lastri. Duk haruffansu na nan. Na durƙusa ina hamdala, har mai shagon ya ɗauka a buge nake.

A gida na tarar da su biyun a kan tabarma, lafiya lau. Na rungume su har Wahyudi ya ce ina shaƙe shi. Matata Ngatmi ta ɗaure mini yatsa tana faɗa, sannan ta zuba abinci. Ta jera kwano biyar. Ta tsaya tana kallon na biyar ɗin, ɗan ƙarami mai hoton kifi, ta ce yau kuma kanta ya kwance.

Da safe na ga wasu jajayen silifa a bakin ƙofa, ba su kai tafin hannuna ba. Mun zagaya maƙwabta, babu mai su.

Sai na tuna da tef ɗin. Duk mai gyara ya san harafin da aka goge ba ya ɓacewa, a jikin ɗankon yake mannewa. Na warware shi a hasken taga. Haruffa biyar, daga ƙarshe zuwa farko. Na jera su: Ratih.

Ban san kowa da wannan suna ba. Ngatmi ma ta ce ba ta sani ba, sai dai da na furta shi hawaye suka zubo mata, tana tambayata me ya sa take kuka.

Tun daga ranar na bar sana'ar. Yatsan ya warke a karkace. 'Ya'yana biyu ne, ku tambayi kowa a unguwarmu. Amma har yau, in na zauna shiru ina ƙwanƙwasa tebur, yatsuna ba sa tsayawa a Lastri.