Zangarniyar da Ba a Ci Ba

Ranar wata Laraba da hantsi, a shekarar da ciyawar wuta-wuta ta ƙone dawar wani ƙauye, wata tsohuwa mai suna Kande ta ga kara ɗaya tsaye kore shar a gonarta. Da ya nuna, ta yanke zangarniyarsa ta rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke korar ƙwari.

Yunwa ta shigo gari. Mutane suka cinye irinsu, suka fara ƙaura. Ƙaninta Jatau ya ce, "Yaya, a dama mana kunu da ita mana. Ko jira kike ta haihu a rataye?"

Ta ce, "Ba ta ci ba ce, ta shuka ce."

Jikarta Lantana ta yi kukan yunwa. Kande ta juya baya don kada a ga hawayenta, ta ce, "Ba ta ci ba ce, ta shuka ce." Ta dafa mata ganyen tafasa.

Da bazara wani malamin gona ya zo neman dawar da ta fi ƙarfin wuta-wuta. Kande ta ba shi zangarniyar. Damina bayan damina yana shukawa, yana zaɓen masu ƙarfi, har ya dawo da irin da ya cika rumbuna.

Waɗanda suka rage a garin suka ci tuwon dawar su ne Jatau, da Lantana, da maƙerin gari, da wasu gidaje ƙalilan. Kande ba ta cikinsu, ta riga ta rasu.