Kilo Ashirin Kafin Ɗaurin Aure

Ranar da ta fara ganinsa, sai da ta canja abin awon jini, domin na farkon bai zagaye damtsensa ba. Yana zaune a ɗakin awo na asibitin unguwa, garin fulawa a wuyan rigarsa, jikinsa na ƙamshin burodi mai zafi.

"Ki yi haƙuri, Nas," ya ce yana dariya. "Kujerar nan ma haƙuri take yi da ni."

Ta yi murmushi, ta danna na'urar. Da lambobin suka fito, gabanta ya faɗi. Ta sake aunawa.

"Malam, kana yawan ciwon kai?"

"Kullum. Zafin tanderu ne, gidan burodi gare ni."

"Ba zafin tanderu ba ne."

Ta san irin waɗannan lambobin. Shekara biyu da suka wuce, mijin yayarta ya yanke jiki ya faɗi yana ɗaure takalmi, bai sake tashi ba. Shi ma haka yake, ƙato, mai fara'a, mai ciwon kan da ba ya ɗauka da muhimmanci. Da kanta ta raka Mai Burodi wajen likita, ta tsaya har aka rubuta masa magani.

Washegari ya aiko mata da burodi uku da takarda mai lambar wayarsa. Ta tura masa saƙo:

"Na gode. Amma idan haka kake ci, ni da kai za mu ɓata. Ka sha maganinka?"

"Na sha, Likitata. Ban taɓa ganin wanda ya tsorata saboda ni ba sai ke."

Daga nan hira ta ƙullu. Kowace safiya kafin ta shiga aiki suna zagaya filin ƙwallon makarantar unguwa, ƙawarta na biye da su a baya. Da farko zagaye ɗaya yake yi ya dafa gwiwa yana haki. Ta hana shi lemon kwalba, ta ce ya daina ɗanɗana kowane burodin da ya fito daga wuta, ya rage gishiri da mai, ya cika rabin farantinsa da ganye.

"Ganye kuma? Akuya kika mayar da ni?"

"Akuya ba ta hawan jini, Babban Mutum."

Wata huɗu suna haka, ya sauke kilo biyar, ya kuma ce yana son turo manyansa.

Da ta kai wa mahaifinta maganar, Baba ya saurare ta har ta gama, sannan ya nuna ƙofar ɗakin da yayarta ke zaune da marayunta biyu.

"Na binne suruki ɗaya, Auta. Yaron nan na gan shi, kafin ya hau matakalar gidan nan sai da ya huta sau biyu. Ba na ƙin sa. Tsoro nake ji. Ga ɗan abokina nan, malamin makaranta, lafiyayye, tun bara yake tambayarki."

Tsoron da ke cin Baba shi ne yake cin ta. Kullum idan wayar Mai Burodi ta yi ƙara sau uku bai ɗauka ba, sai ta ajiye abin da take yi ta yi ta kira.

Maganar ta kai kunnen Mai Burodi, har da batun malamin makarantar. Sai ya daina zuwa fili da safe. Saƙonninsa suka gajarce.

"Aiki ya yi yawa, Likitata. Sai wani satin."

Sati uku ba ta sa shi a ido ba. Ta ɗauka ya haƙura da ita ne. Ta rubuta masa:

"Idan ka fasa, ka faɗa mini da bakinka. Amma ko ka fasa, don Allah kada ka daina shan magani."

Bai amsa ba.

Ranar wata Talata da hantsi tana jera allurai, aka turo gadon marasa lafiya da gudu. Ta fara ganin takalman gudu sababbi, sannan wata jibgegiyar rigar sanyi jiƙe sharkaf da gumi, a cikin wannan zafin rana. Da ta ga fuskar, tiren allurai ya suɓuce daga hannunta.

Leɓɓansa sun bushe sun tsage, idanunsa a kafe. Ƙanwarsa tana biye tana kuka, riƙe da wani kwalin shayi.

"A fili ya faɗi, Anti. Sati uku ke nan ba ya cin komai sai wannan shayin rage ƙiba da ya saya a intanet. Maganin asibitin ma ya ajiye, wai masu shayin sun ce ba a haɗawa. Ya ce sai ya sauke kilo ashirin kafin ya sake tsayawa gaban Babanki."

Ita ce gwanar sa ƙarin ruwa a asibitin, amma ranar ta kasa samun jijiya. Wata nas ta karɓa, ta tura ta waje. Ta jingina da bango a baranda tana jin ƙarar na'urar bugun zuciya, tana ƙirga kowane sauti, bakinta ya kasa haɗa addu'a sai "Ya Allah, Ya Allah". Ta kira Baba ba tare da ta san me za ta ce masa ba, kuka kawai ya ji, ya taho.

Awa biyu suka yi a kan benci. Baba yana jan carbi.

Da likita ya fito ya ce, "Ruwan jikinsa ne ya ƙare, ƙodarsa ta sha wahala, jinin kuma ya hau. Da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi. Amma ya farfaɗo."

Ta shiga ta same shi ya buɗe ido, ya rame a fuska, ya yi wani irin fari.

"Likitata," ya ce da ƙyar. "Kilo tara na sauke."

"Kilo tara na ruwa." Hawaye suka zubo mata. "Ka san abin da na gani da aka shigo da kai? Mijin Yaya na gani. Ni ban ce ina son siriri ba. Rayayye nake so."

Baba ya matso bakin gadon, ya dube shi.

"Yaro, ni na ja maka wannan. Tsoron mutuwarka ya sa na hana, saura kaɗan hanin ya kashe ka. Ba kilo zan ƙirga maka ba. Ka bi abin da likita ya ce. Ranar da ya ce jininka ya zauna, ka turo iyayenka."

"To malamin makarantar fa, Baba?"

"Shi ma Allah ya ba shi tasa."

Sai da likita ya ba da izini sannan suka koma fili, a hankali, tafiya ba gudu ba, minti talatin kullum. Wannan karon Baba ne ke biye da su da sandarsa, wai shi ma gwiwarsa na so. Abinci sau uku a rana, ƙaramin faranti, wake da kifi da ganye, ruwa a madadin lemo. Wani satin ma'auni ya motsa, wani satin ya ƙi. Duk ranar awo, sai ta rufe ido kafin ta kalli lambobin.

A wata na takwas likita ya duba katinsa ya ce, "Haka nake so. Ka ci gaba da magani, kada ka sake yi mana wayo."

Kilo ashirin ɗin bai cika ba, sha uku ya sauke. Ba wanda ya tambaya.

Ranar ɗaurin aure, ana gama shafa fatiha saƙonsa ya shigo wayarta:

"An ɗaura, matata. Na sha maganina tun da safe, kafin ki tambaya."

Ta yi dariya har kwallinta ya ɓaci. Yayarta ta rungume ta, ta raɗa mata a kunne, "Ki riƙe shi da kyau, Auta. Allah ya ba ku tsawon kwanan da ban samu da nawa ba."

Da za a tafi da amarya, Baba ya dafa kanta da hannu ɗaya, ya riƙe hannun angon da ɗayan.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah ya sa ku tsufa tare, ku ga jikokinku."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.